Tukunya Mai Jan Zare

Masu turo min saƙo suna tambayar abin da ya ɓoye ni kwanakin nan, to ga ni na fito. Ku gyara zama. Wanda bai taɓa karanta ni ba kada ya damu, daga kicin ɗinmu zan faro, don can abin ya faru.

A kan kantar kicin ɗinmu, can gefe guda, akwai wata 'yar tukunya da aka ɗaure wa jan zare a hannu. Tawa ce. Ludayinta daban, farantina daban, har soson wanke ta ba ya haɗuwa da na gida. Ni 'yar mai gidan burodi ce, amma jikina ba ya ga-maciji da alkama. Likitoci suna kiran ciwon siliyak. Ko ɓurɓushin fulawa ya shiga cikina, sai jikina ya tashi da faɗa ya riƙa cinye bangon ƙaramin hanjina da kansa, abinci ya bi ya wuce bai amfane ni da komai ba. Ba shi da ƙwaya, ba shi da allura, sai dai ƙauracewa. Ni da burodi, da taliya, da biskit, da kek, mun yi sallama har abada.

Ta dalilin Baba aka gano. Ya yi shekaru yana fama da kumburin ciki da gudawa, yana afa maganin olsa kamar gyaɗa, kuma kullum sai ya lakaci kwaɓi ya ɗanɗana kafin ya yarda a kai tanderu. Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a gaban ma'aikatansa. Da aka buɗe cikin aka tarar da ƙari a ƙaramin hanjinsa, kuma na daji ne. Likitar ta ce ciwon alkama ne ya daɗe yana cinsa bai sani ba. Ta ce ba kowa yake kaiwa nan ba, kaɗan ne ƙwarai, amma wanda ya yi shekaru yana ci haɗarinsa ya fi na wanda ya kiyaye. Ta sa aka gwada mu, mu 'ya'yansa uku mata, ni aka samu da shi. Wasu gida da mota suke gada, ni abin da ya faɗo rabona kenan.

Ranar da aka sallamo shi, Baba ya sa aka kawo masa tukunyar har gado. Hannunsa na rawa ya ƙulla zaren da kansa.

"Uwata, ni na makara," ya ce. "Ke ba ki makara ba."

Mama kuwa ta tara mu ta kafa doka. A waje, ciwon Baba olsa ne. Ni kuma ƙamshin burodi ne ya gundure ni tun ina ƙarama.

"'Ya'ya mata uku gare ni," in ji ta. "Aka ji ciwon gado ne, wa zai sake taka ƙofar gidan nan?"

To amma wani ya taka. Zan kira shi Injiniya, don haka kowa yake kiransa. Manyan janareto yake gyarawa a kamfanoni. Dogo ne, mai son fararen kaya da agogon ƙarfe, ƙamshin turarensa yana riga shi shigowa falo. Ya iya magana, ya iya sa mutum dariya, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi kamar raina. Tun da wuri na karya rabin dokar Mama na gaya masa nawa ciwon, na Baba ne kawai na rufe. Dariya ya yi har da buga sitiyari.

"Wato Gimbiya har tukunyarta daban. Ba komai, babu injin da ba shi da saiti."

Lokacin maganar daɗi ta yi min, na ɗauka lallashi ne.

Ranar da ya kai ni gaida Hajiyarsa, na sa doguwar riga ruwan toka da mayafi mai ɗan duwatsu a baki, na zauna a ƙasan kafet kaina a sunkuye. Aka dire min tire shaƙe da kek da biskit. Na ɗauki ruwa kawai. Hajiya ta dube ni ta saman gilashinta, tun daga ƙafa har kai.

"Kunya ce ko ƙyanƙyami?"

"Ciwo ne da ni, Hajiya. Ba na cin abin da aka yi da fulawa."

"Ikon Allah. Yanzu har abinci ma ya zama ciwo." Ta juya ga ɗanta kamar na fita daga ɗakin. "Ni dai a gidana tukunya ɗaya ake ɗorawa."

Na dawo gida na sha kukana. Washegari Injiniya ya zo, na shiga wanka da kwalliya na bar shi da Mama a falo. Na daɗe a ciki, ina jiyo muryoyinsu ƙasa-ƙasa, har ina murmushi a gaban madubi wai Allah ya ba ni mijin da yake shiri da uwata. Da na fito ya ce in kwantar da hankalina, an gama magana, Hajiya ta sauko. Ba a jima ba aka tsayar da lokacin bikinmu.

Daga nan Mama ta karɓe min girki.

"Amarya ba ta shiga hayaƙi," ta ce. "Ki zauna ki yi fari, ni zan riƙa ɗora miki."

Ku da kuka san Mama a rubuce-rubucena na baya kun san ba mai tarairaya ba ce. Don haka abin ya taɓa min zuciya. Ga miyar ta ƙara kauri, ta ƙara daɗi, har santi nake yi ina tsokanarta wai ashe da can rowar hannu take min. Sai ta yi murmushi ta kau da kai.

Akwai kuma wani sirri da nake da shi, ni da Baba. Tun bayan aikin da aka yi masa, Mama ruwa-ruwan shinkafa da romo mara yaji take yi masa, a nasa kwanon daban, babu fulawa ko kaɗan. Ya tsani abincin nan. Idan rana ta yi Mama ta tafi gidan burodi duba ma'aikata, sai in ɗauki farantina in shige ɗakinsa. Ɗakin yana warin magani da man zafi, labule a sauke, rediyo na magana ita kaɗai a kan durowa. Da ya ji ƙamshi zai yunƙura ya jingina da filo.

"Uwata, ɗan san mini."

In zauna a bakin gado, cokali ɗaya ni, cokali ɗaya shi. Wani lokaci ma shi yake cinye fiye da rabi. Hankalina kwance, don a duk gidan nan babu abincin da na yarda da tsabtarsa kamar na tukunya mai jan zare.

"Kada Mamanku ta ji," yakan ce yana goge baki. "Sai ta ce na raina girkinta."

Sannu a hankali jikina ya fara komawa gidan jiya. Ciki ya kumbura kamar na sha iska, baki ya yi ƙuraje, in hau bene sai na huta a tsakiya. Duk zuwan da zan yi gwajin rigar biki sai tela ta ƙara cin gefe, fil a bakinta tana mita.

"Ke wai amarya ce ko mai takara da tsintsiya? Na rage, na rage, saura in ɗinka miki ta 'yar tsana."

Na tura wa Injiniya saƙo: "Yau ma cikina ya hana ni sakat." Ya amsa nan take: "Zumuɗin aure ne, Gimbiya. Daure kaɗan, jiki yana koyo." Har da hoton fuska mai dariya. Baba ma a lokacin ya koma amai da gudawa, ɗan naman da ya fara mayarwa ya zube. Likitocinsa suka ce wataƙila ƙarfin magani ne, wataƙila kuma abin ne yake neman dawowa.

Da na ga jiri ya kusa kayar da ni a banɗaki, na koma wurin likitata, Mama ta raka ni. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Ranar karɓar sakamako muna zaune kafaɗa da kafaɗa, jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu. Likitar ta daɗe tana kallon takardun kafin ta ɗago.

"Jininki ya yi ƙasa, kin rame, kuma a hoto na ga wani wuri a ƙaramin hanji da ya yi kauri. Gwajin nan yana min kama da na wadda alkama take shiga cikinta. Idan haka ne da sauƙi, kumburi ne, a toshe hanyar ya sauka. Ki yi tunani da kyau. Ko a waje, ko a gidan ƙawa?"

"Wallahi likita ko ruwan gidan mutane ina tsoron sha. Tukunyata daban ce."

"Wa yake dafa miki?"

"Mamata."

Ta juya ta dubi Mama. Ina so ku riƙe wannan wurin, don ni har in mutu ba zan manta shi ba.

"Mama, babu wata hanya da fulawa za ta kai ga abincinta? Ko a kuskure? Amsarki tana da muhimmanci ƙwarai."

Mama ta gyara mayafinta. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Likita, da hannuna nake dafa mata. Ko ƙurar fulawa ba ta kusantar tukunyar nan."

Likitar ta sauke numfashi ta ajiye biro.

"To dole mu nemi abin da ba ma fatan gani. Kin san tarihin mahaifinki. Za mu zura 'yar kyamara mu ɗebo ɗan nama a wurin, a auna."

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. A hanya Mama ta saya min lemo, ta riƙe hannuna tana cewa Allah ne mai yi. Abu ɗaya ta ja min kunne a kai, kada Injiniya ya ji, kada kowa ya ji.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ne a matsayin gawa mai yawo. In na shiga ba Baba abinci sai idona ya sauka a kan tabon ɗinkin cikinsa, in ga nawa. Na cire 'yan kunnena na zinare na ba autarmu, na ce sun ishe ni. Na daina zuwa wurin tela. Sau da yawa Mama tana shigowa ta same ni ina kuka a kan sallaya, ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta yi magana, sai ta ce, "Taso ki ci abinci, kada ya huce." In taso in ci.

Ana gobe za a yi min kyamarar, saƙonsa ya shigo da hantsi: "Ki ci ado da la'asar. Ni da Hajiya muna tafe, ina da albishir." Na ce a raina bari in yi masa kwalliyar ƙarshe kafin ya ji. Na sa leshi ruwan zuma wanda ya taɓa cewa yana so, na kama bayansa da fil don ya yi min yawa, na shafa hoda mai kauri na rufe ramin idona. Ranar ko abincin rana ban iya kai wa Baba ba, farantin yana kicin a rufe.

Suka iso. Hajiya ta hakimce a babbar kujera, Mama tana gefe tana ta murza gefen zaninta. Injiniya ya ɗora wani farin kwali a kan tebur ya buɗe. Kek ne, an rubuta Gimbiya a kai da ruwan hoda. Ya yanko ya miƙo min a kan 'yar faranti, bakinsa har kunne.

"Bisimilla."

"Ka san ba na ci."

"Kina ci mana." Ya dubi Hajiyarsa, ya dubi Mama. "Mama, ke za ki faɗa ko ni?"

"Bari dai, ɗana," Mama ta ce da sauri. "Ba yau ba. A bari sai…"

"Haba Mama, abin farin ciki ne." Ya juyo gare ni. "Gimbiya, albishirinki. Kin warke. Tun bayan da muka dawo daga gaida Hajiya kike cin fulawa. Ni na tsara, Mama ta aiwatar. Da ɗan kaɗan aka fara a cikin miya, ana ƙarawa a hankali, yanzu har cokali cike take zubawa. Sabon inji ba a ɗora masa lodi lokaci ɗaya, da sannu ake saba masa. Ga ki nan zaune, kin mutu? Dama na gaya wa Hajiya tsoro ne kawai likitoci suka dasa miki."

"Ai na faɗa," Hajiya ta ce. "Sangarta ce."

Zan gaya muku abin da na fara ji, ko da za ku yi mamaki. Daɗi na ji. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa, zuciyata tana cewa ashe wataƙila ba daji ba ne, ashe wataƙila zan rayu. Sai bayan nan na waiwaya na dubi matar da ta haife ni, daɗin ya koma wani abu da ban san sunansa ba.

"Mama, kina zaune likita ta tambaye ki."

"Ki rufa mana asiri, akwai baƙi."

"Kin ji ta ce amsarki tana da muhimmanci. Kin ga na ba auta 'yan kunnena. Kin san abin da nake zaton yana cikina."

"To me kike so in ce a gaban bare? In ce ni na zuba? Na yi niyyar dainawa tun ranar."

"Kin daina?"

Ba ta daina ba. Ashe ta ji tsoron in ta daina, ranar da za a gwada ni a gaban Hajiya jikina ya manta karatun da aka koya masa.

"Wace likita?" Injiniya ya tambaya. Murmushin ya fara bushewa a fuskarsa. "Me ake zaton yana cikinki?"

Na gaji da dokar Mama, don haka na zazzage masa komai. Na gaya masa ramar da yake kira zumuɗi, da kaurin da aka gani a hoto, da kyamarar gobe. Na gaya masa ciwon Baba ba olsa ba ne, daji ne a ƙaramin hanji, kuma ciwon da yake cewa tsoro ne shi ya share masa hanya.

Hajiya ta ajiye kofin ruwan da ke hannunta, ta goge yatsunta da gefen mayafi.

"Daji? A gidan? Kuma abin gado?" Ta dubi Mama. "Amma baiwar Allah kin iya rufa-rufa. Jikokin nawa za a shafa wa?"

Ni ɗanta nake kallo. Ina jira ya ce ya yi kuskure, ko ya tambayi ƙarfe nawa ne gobe, ko dai ya kira sunana. Ya mayar da yankan kek ɗin cikin kwali, ya daidaita shi da wuƙa inda ya yanko, ya rufe.

"Gaskiya ba ki kyauta min ba," ya ce. "Da kin gaya min akwai daji a gidanku, da ban ɓata lokacina a kan gyaran ba."

Suka fita. Kek ɗin ma bai bari ba, ya rungume kwalinsa ya sa a mota. Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba saƙonsa ya shigo wayata: "Idan sakamako ya fito ki turo min hotonsa, sai mu san matsaya." Wannan karon babu fuska mai dariya.

Na shiga kicin. Mama ta biyo ni, ta ja ƙofa, ta sauke murya don kada Baba ya ji.

"Hankalinki ya kwanta? Kin kashe aurenki da bakinki, kin kashe na ƙannenki. Duk wa na yi wa? Ina ce don ke na yi? Uwarsa ta ce ko ki ci abin da kowa yake ci ko a fasa. Ɗan cokalin fulawa ne zai kashe mutum? Ni da na haife ki zan cuce ki?"

Ina tsaye ina kallon tukunyar, da farantina da yake rufe tun rana. A lokacin ne muka jiyo kakarin amai daga ɗakin Baba, mai tsawo, irin wanda yake yi kwanan nan har sai ya riƙe ɗinkin cikinsa. Ya lafa. Can sai ga muryarsa, siririya, yana ƙoƙarin sa mata wasa.

"Uwata? Yau ba za a san mini ba ne?"

Wallahi duk abin nan da ake yi, kaina kawai nake tunani, sai yanzu lissafin ya haɗu.

"San me?" Mama ta tambaya.

"Abincina."

"Wane abincin?"

"Na tukunyar nan. Kullum in kin tafi gidan burodi tare muke ci. Ya fi ni ci ma. Ya ce kada in gaya miki, don kada ranki ya ɓaci."

Na ga maganar tana shigarta a hankali. Ta lalubi bango da hannu, ta sulale ta zauna a kan buhun shinkafa, ɗankwalinta ya zame bai dame ta ba. Wannan matar ta yi wata da watanni tana kwana a kan tabarma a gefen gadonsa na asibiti, ita take wanke masa kwano har sau biyu don kada ƙurar fulawa ta taɓa shi. Na san tana sonsa. Da wata rana ce da na durƙusa na rungume ta. Ban ji ko ɗigon tausayinta ba.

"Tun yaushe?" ta ce da ƙyar.

"Tun ranar da kika ce amarya ba ta shiga hayaƙi."

"Uwata?" Baba ya sake kira. "Ko kin cinye ke kaɗai?"

Na jawo tukunyar. Ƙullin da ya yi da hannunsa mai rawa ya ƙi kwancewa, sai da na sa haƙori. Na kamo hannun Mama na buɗe tafin, na ajiye mata jan zaren a ciki, na ɗauko farantin na ɗora mata a cinya.

"Gobe ni zan gaya wa likitata, in gaya wa nasa," na ce. "Amma shi ke za ki gaya wa abin da ke cikin farantin nan. Tashi, Mama, yana jin yunwa."